Masu Shiru da Masu Raki

Da hantsi ne. Na shiga banɗaki zan yi alwalar walaha, na kama zoben azurfar da Inna ta ba ni zan juya shi don ruwa ya ratsa, ya ƙi motsi. Na sa sabulu, na murza, na ja, sai na ga naman yatsan ya taso ya rufe gefensa kamar ƙullin fanke da ya kwana. Na ɗaga kai na kalli madubi. Fuskar tawa ce, amma kamar an hura ta, idanun sun shige ciki, kuma ta gefen idona na hagu wasu 'yan taurari suna ta ƙyalli da rana tsaka. Na dafa bango. A lokacin kina cikina wata na bakwai, Iman, kuma duk faɗin Dubai ba ni da wanda zan iya buɗe baki in ce masa ina da ciki, balle in ce cikin yana ba ni tsoro. Daga falo ina jiyo tsofaffi biyun da muke gida ɗaya da su sun fara musunsu na kullum, ɗaya har yana buga tebur. Na wanke fuska, na zura hijabi, na ce a raina kumburin masu ciki ne, kowa ma yana yi.

Ina rubuta miki wannan tun yanzu da kike rarrafe, ba don na tsufa ba, sai don shekarar nan ta nuna min ba sai an tsufa ake tafiya ba. Har yau ba na son jin ƙarar injin awon jini yana hura iska. In kin girma kin je Kano, za a samu mai gaya miki cewa uwarki ba ta da kunya, ta kwashe zancen cikin fari ta zazzage wa baƙin maza, har da miƙa musu damtse. Gwaggon Abbanki ce ta faɗa, kuma a taron mata ta faɗa, don haka maganar ba za ta mutu ba. Ba zan ce ƙarya ta yi ba. Ina dai so ki ji daga bakina yadda aka yi, da kuma su wane ne mazan.

Abbanki yana aiki a wani ofishin kago a unguwar Naif. Su ne masu tattara kayan 'yan kasuwar Kano, takalma da jakunkuna da abayoyi, su ɗaure su kai tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali a loda a kwantena. Albashinsa bai kai mu kama gida mu kaɗai ba, sai muka samu ɗaki mai banɗaki a ciki a wani fulat na gidan bene a unguwar Al Nahda, can sama, inda in kin leƙa taga kina hango layin motocin da ke shiga Sharjah. Mai fulat ɗin wata nas ce, Marisol, 'yar Dominika, wata ƙasa a wani tsibiri can kusa da Amurka wadda ko a darasin jogurafi ban taɓa jin sunanta ba. Baƙa ce kamar mu, in ta ɗaura ɗankwali sai ki rantse 'yar Fagge ce. Mahaifinta, Baba Usebiyo, ziyara ya kawo mata. Ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin kuma wani dattijo ne a ciki, Rainaldo, mutumin Kyuba, fari tas mai furfura, yana gyaran injin sanyi na kwantenoni a tashar Jebel Ali. Kawu nake ce masa. Da farko Abbanki bai so zama gida ɗaya da maza ba, amma da ya ga ɗaya tsoho ne tukuf, ɗayan kuma barci kawai ke kawo shi gida, sai ya haƙura.

Yadda aka tsara, Abbanki zai je Kano bikin ƙanensa ya dawo, in cikin ya shiga wata bakwai a sa ni a jirgi in tafi goyon ciki wurin Inna, kamar yadda ake yi wa kowace 'ya a gidanmu. Da 'yar jaka ɗaya ya tafi. Yana can korona ta rufe duniya. Jirage suka tsaya, aka kulle Dubai, ko kantin ƙasan bene za ki sai kin nemi izini ta waya. Marisol kuma asibitinsu ya ajiye su a wani masauki don kada su kwaso cutar su kai wa iyalansu. Aka bar ni da tsofaffi biyu da Turancina na sakandare, su ma nasu Turancin duk a gurguje. Awo kuwa na daina zuwa, don Abbanki ya ce yanzu asibiti nan ne gidan cutar, ni ma kuma tsoro nake ji.

Ke da za ki tashi a nan wataƙila ba za ki gane kunyar cikin fari ba. A gidanmu ba a faɗarsa. Ana ganinsa, ana dafa miki abin da kike marmari, ana karɓe miki bokiti, amma baki ba ya furtawa, ke mai shi ma ba ki isa ki nuna kin san yana nan ba. Kuma ba a raki. Na taso ina jin ana yabon Yaya Bilki, 'yar wan Babanmu, wai ta haihu a ɗaki mutane suna tsakar gida suna cin tuwo, ba wanda ya ji ko tarinta. Wata rana tun kafin kulle, Baba Usebiyo ya nuna cikina cike da murna ya tambaye ni yaushe baƙon zai iso. Na saki cokalin da ke hannuna na gudu ɗaki, ban fito ba sai washegari. Marisol ta bi ni ta lallashe ni har na yi mata bayani, ita kuma ta tara su ta ja musu kunne: al'adarsu ce, kada wanda ya sake tambayarta, kada ma ku kalli wurin. Suka kuwa kiyaye. Mutanen kirki ne, sun kiyaye har abin ya kusa kai ni kushewa.

Kullum bayan la'asar Inna ke kira. Ita ma ba ta faɗa.

"Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi, Inna."

"Kina dai cin abinci?"

"Ina ci."

"To. Malam Sale ya kawo itacen nan, na sa an jera shi a gindin darbejiya. An wanke babbar tukunyar ma." Sai ta ƙara da cewa, "Ko da yake jirgin ya ƙi tashi. Allah ya sa hakan shi ne alheri."

Itacen wankan jego take nufi. In ta kashe waya sai in zauna bakin gado in rufe ido, in ga tsakar gidanmu da sassafe, hayaƙi yana tashi, tururin ruwa ya cika bayan gida, kunun kanwa a kwanon sha mai murfi, ƙannena suna faɗa a kan wa zai lashe ludayi. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so in gan ni a ɗakin Inna a watannin nan ba, in kwanta a tabarmarta ina jin ƙanshin turaren wutarta. Da sau ɗaya ta ga ƙafata da ba sai na yi magana ba. Amma a waya fuska kawai ake gani, ni kuma sai in ja hijabi har gira, in zauna inda haske bai cika ba.

Abin da ya hana ni zarewa a kullen nan musun tsofaffin ne. A kan besbol suke yi, wani wasa mai kama da kurket ɗin da 'yan Pakistan ke bugawa a filin ajiye motoci: wani ya jefo ƙaramin ƙwallo mai tauri, wani ya maka masa kulki ya ruga da gudu. A ƙasashensu yaro da shi yake buɗe ido. Baba Usebiyo ya yi shi da ƙuruciya a ƙungiyar masana'antar rake ta garinsu, shi ne mai tsugunawa a bayan mai kulki yana cafe ƙwallo, shi ya sa yatsunsa duk suka karkace kamar saiwar citta. Ba kuma a kan wasan yau suke musu ba, wannan ma korona ta tsayar da shi. A kan matattu suke yi. Tambayar ɗaya ce kullum: su wa suka buɗe wa masu jin Sifaniyanci ƙofar babbar gasar Amurka?

Yarensu ɗaya ne, Sifaniyanci, amma Marisol ta kafa musu dokar yin Turanci a gida don kada in zama bare, har suka saba. Sai da na daɗe ina kawo musu shayi kafin na kama bakin zaren. A da can, in ji su, babbar gasar ba ta ɗaukar baƙar fata ko kusa. Amma ta ɗauki wasu 'yan Kyuba masu hasken fata, bayan masu ƙungiyoyin sun yi ta rantsuwa cewa jininsu na Turawan Sifen ne zalla. Masu duhun kuwa, komai gwanintarsu, sai dai su buga a gasar baƙar fata, su kwana a mota, su yi ta yawo ƙasa-ƙasa. Sai can daga baya aka ɗage dokar, sannan baƙaƙen 'yan tsibiran suka samu shiga. Kawu Rainaldo yana bayan na farkon, Baba Usebiyo yana bayan na biyun.

"Wanda ya fara shiga shi ne na farko, tsoho, ko ƙirga ma ba ka iya ba?" in ji Kawu. "Sun shiga, an zage su, an auna kansu da ƙwallo da gangan, sun haɗiye. Da ɗayansu ya buɗe baki da an kore su duka, da har yau jikokinka rake suke sara."

"Shiga!" Baba ya buga tebur har kofuna suka yi ƙara. "Ɓarawo ma ai shiga yake yi. Mutum ya ɓoye kakarsa a kicin, ya sa kwat ya ce shi Bature ne, ya shige ya ja ƙofa. Wa ya buɗe wa? Kansa ya buɗe wa."

"Kada ka taɓa min kaka."

"Ni na ce taka? Kai ka kawo ta."

Ashe kakar Kawu baƙa ce, kuma in an yi baƙi a gidansu ba ta fitowa falo. Shi da kansa ya gaya min wata rana yana wanke kofi, bai ko juyo ba. Ya ce ita ta fi kowa son a ɗauki jikokinta a makarantar farare, ita ke shafe musu gashi da mai don ya kwanta, ita ke ce musu in an tambaya ku ce ni mai wanki ce. "To wani ya zo ya ce min matsoraciya ce," ya ce, ya ci gaba da goge kofin da tuni ya bushe. Daga ranar na daina ganin musun nasu wasa ne.

Kowane musu kuma ƙarshensa ɗaya. Baba yana da hawan jini, Marisol ta bar masa injin awo da doka: duk sanda ya ɗaga murya a auna shi, a ɗauki hoton lambobin a tura mata. Kawu ne mai ɗaura masa, suna yi suna zagin juna.

"Ga shi nan, 'yan wasanka za su kai ka lahira."

"Gara su kai ni da in mutu ina sauraron ɗan Kyuba. Ɗaure da kyau, kai da ko firji ba ka iya gyarawa ba."

Wata rana suka ce ni ce alƙali. Sofiya suke ce min, Safiya ta gagare su.

"Sofiya, 'yata," in ji Baba, "ke ba ruwanki da Kyuba, ba ruwanki da Dominika. Faɗi gaskiya. Mai shiru ko mai magana?"

Na ce ni ban san besbol ba, amma a wurinmu ana cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa. Na yi ta fama da Turanci kafin dutsen ya dahu. Kawu ya miƙe yana rawa da tawul a kafaɗa, yana cewa kotu ta yanke hukunci. Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, kallon da ya tsaya a fuska bai sauka ƙasa ba saboda dokar Marisol.

"Na ga masu dafa dutse da yawa a gonar rake," ya ce. "Ban ga wanda ya sha romo ba."

Bayan safiyar zoben nan ciwon kai ya zo ya zauna. Ba irin wanda na sani ba ne, wannan kamar an ɗaura min ƙarfe ana matsewa. Takalmana suka daina shiga. Hasken taga ya zama kamar allura. Abbanki in ya kira muryarsa duk a karye take, yana ta bin labarin jirgin kwaso mutane, sai in ga in na ƙara masa da nawa me zai yi daga Kano ban da kuka. Lafiya lau nake ce masa. Inna ma lafiya lau. Marisol in ta kira mahaifinta ta ce a ba ni, sai in ce ina salla. Tsofaffin sun ga na rage fitowa, na ji Baba yana tambaya, Kawu ya ce masa ka ƙyale ta, ba ka ji abin da 'yarka ta ce ba, al'adarsu ce.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, ana ta shirin shiga azumi. Na shiga kicin ɗiban ruwa, wani ciwo ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Na sulale na zauna a ƙasa bayan ƙofa, na jingina da firji. Ɗakina yana ƙetaren falo, ba zan iya wucewa ba su gan ni ba, don haka na ce bari in jira su gama su tashi. Ba su san ina nan ba. Baba ne ke magana a kan baƙaƙen da suka shiga daga baya.

"Ka san abin da ya raba su da naka? Sun yi magana. An hana su cin abinci inda abokan wasansu ke ci, sun faɗa. An laƙa musu sunayen Turawa, sun ce ba sunana ba ne. In bayan mutum yana ciwo ya ce bayana yana ciwo. 'Yan jarida su rubuta rago ne, mai raki ne, su kwaikwayi Turancinsa mutane su yi dariya. Gobe ya sake faɗa."

"Raki dai raki ne," in ji Kawu. "Namiji da ciwonsa yake bugawa."

"Ƙanen mahaifina da ciwonsa ya buga. Kafaɗarsa ta lalace, ya ɓoye don kada a ba wani wurinsa. Kowa yana cewa jarumi ne. Da suka gama tsotse shi suka tofar kamar tuƙar rake, ya dawo gida ko cokali ba ya iya kaiwa baki, uwata ce ke ba shi abinci. Wa ya san sunansa yau? Mai rakin nan da kake rainawa, albarkacinsa ne yaron da ya zo bayansa ya ce ina ciwo aka kira masa likita. Wannan ita ce ƙofa, Rainaldo. Shiga kowa ma ya iya."

Ba zan ce miki wani tunani mai zurfi na yi a ƙasan kicin ɗin nan ba. Yaya Bilki na tuna, da yadda ake faɗar sunanta. Na ga in na mutu a nan za a ce Allah ya jiƙan Safiya, yarinya mai kunya, ko uffan ba ta ce ba, a yi kwana uku ana yabona a tashi. Sai kuma na tuna abin da nake ta kauda kai daga gare shi tun safe. Ke mai shurina duk sanda Baba ya buga tebur, yau ya buga har sau nawa ba ki motsa ba. Na kama murfin firji na miƙe. Na bi bango har bakin falo.

"Baba."

Ba su ji ba.

"Baba!"

Suka juyo tare. Ban taɓa ɗaga murya a gidan ba.

"Kaina yana ciwo. Ya daɗe. Ina ganin taurari, nan ma yana ciwo." Saura magana ɗaya. Da Hausa ce ba za ta fito ba, Turancin ne ya taimake ni, don ba na jin nauyinsa. "Jaririn bai motsa ba tun safe."

Baba ya miƙe har kujera ta faɗi. A karo na farko ya kalle ni tun daga fuska har ƙafa, ya ga yadda ƙafafun suka zama kamar turmi, ya faɗi wani abu da yarensu wanda na san ba addu'a ba ce. Ya ɗauko injin awonsa, ya tsaya nesa da ni yana riƙe da shi.

"Sofiya, kin yarda?"

Na zauna, na naɗe hannun hijabi, na miƙa damtsena. Kawu ne ya ɗaura tunda shi ya saba. Injin ya hura ya saki. Ya kalli lambobin ya ce ya lalace, ya kwance ya gwada a nasa hannun, ya ga daidai yake, ya sake ɗaura min. Ya ɗauki hoto ya tura. Kafin ya ajiye wayar Marisol ta kira, ina jin ihunta daga inda nake. Ta ce a kwantar da ni ta gefen hagu, a saki labule, kada kowa ya yi ƙara, motar asibiti tana zuwa, kuma ku biyun nan in na dawo sai na yanka ku, kuna zaune da ita ba ku gani ba. Kawu ya ce ke kika ce kada mu kalla. Sai na ji Marisol tana kuka.

Falon nan bai taɓa yin tsit irin na ranar ba. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙen lif, na'urar hawa da sauka bene. Baba ya durƙusa da ƙyar kusa da kujerar da nake, ya ɗora karkataccen hannunsa a goshina yana wani ɗan waƙe-waƙe a hankali, irin na lallashin yara. Ban hana shi ba. Wannan ma ki sani, tunda za a gaya miki. Na rufe ido na bar hannun ya zama na Inna.

Masu motar suka zo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ido kawai ake gani. Suka ce ba mai bin mu. Abu na ƙarshe da na gani kafin lif ya rufe shi ne tsofaffin biyu a tsaye da silifa, Kawu rungume da jakata da ya manta bai miƙa ba, Baba yana ɗaga murya.

"Yi raki, Sofiya! Gaya musu komai! Kada ki rage!"

Na kuwa yi. Na gaya wa na cikin motar, na gaya wa nas ɗin bakin ƙofa, na gaya wa likita, abin da ban taɓa faɗa wa uwata ba na faɗa wa mutanen da ko fuskarsu ban gani ba. Daga nan ban san komai ba. An ce jijjiga ta kama ni a kan gadon turawa kafin a kai ni ɗakin tiyata, kuma da a kicin ɗin nan ta same ni da wani labarin ake yi. Na farka cikina wayam, da ɗinki, da robobi a hannu biyu. Ke kuma kina wani bene a cikin kwalba, bakwaini. Wata nas 'yar Filifin ta nuna min hotonki a wayarta, kamar ɗan tsakon da bai yi gashi ba, da wayoyi a ƙirji. Na sa yatsa a kan gilashin wayar, ta bar ni na daɗe.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Jinin ya ƙi sauka, ana ta zancen ƙoda, likitoci su zo su kalli na'ura su yi magana a tsakaninsu su fita. In na tambaya sai a ce inshallah, shuwayya-shuwayya, wato a hankali a hankali. Ba a barin kowa ya shigo. A Kano aka yanka ragonki aka raɗa miki suna, ba ke ba ni, ƙanwata ta turo min hoton tukwane a kan murhu da mata cike da tsakar gidan su Abbanki. A bakinta na ji abin da Gwaggo ta ce a taron. Daga nan na daina ɗaukar wayar Inna. In na ga sunanta sai in kifa wayar, don ban san da wace fuska zan kalle ta ba, ita da ta yi ta tarbiyyata na je na zubar a falon mutane.

Da la'asar ne wata rana babbar likitar, wata 'yar Sudan mai jiki, ta shigo ta zauna a bakin gadona, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta dubi takardun, ta dube ni.

"Khalas, habibti, shi ke nan 'yata. Jinin ya sauka, ƙodar ta dawo aiki. Haɗarin ya wuce. Yarinyar ma yau da kanta take numfashi, gobe za a kai ki ki ɗauke ta."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce don Allah ta ƙara, ta yi dariya ta cikin takunkumi ta ƙara. Tana fita na kira gida Al Nahda. Kawu ya ɗauka, Baba ya fizge, suka yi ta ihu, kafin in gama bayani har sun koma musu, wannan yana cewa shi ya ɗaura injin, wancan yana cewa injin wa. Na bar su suna yi na kashe. Na daɗe da wayar a hannu, sannan na kira Inna.

"Inna, likita ta ce na tsira."

Ta cikin wayar ina jiyo kaji a tsakar gida, da wani mai ruwa yana wucewa a lungu.

"Inna, ki yafe min. Na san kin ji abin da ake faɗa. Gaskiya ne, ni na gaya musu da bakina."

"Na ji." Ta ja numfashi. "Safiya, kin taɓa tambayar kanki me ya sa nake kiran sunanki, alhali ke ce babba a ɗakina?"

Ban taɓa ba. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, amma ni tun ina ƙarama Inna ke kiran nawa, na ɗauka halinta ne kawai.

"Akwai wani kafin ke. Ni ma ƙafata ta kumbura, kaina ya yi ta sara. Na yi shiru, kowa yana ta yabona. Namiji ne. Ko suna ba a yi ba." Ta gyara murya. "Tsofaffin nan, ki ce musu uwarki ta gode. Ke kuma daga yau duk abin da ya yi miki ciwo ki kira ni ki faɗa. Da sunansa za ki faɗa."

Na share fuskata da zanen gado.

"Inna, ɗinkin yana min ciwo."

"To," ta ce. "Ina jin ki. Sai me kuma?"